Maiturare Ta Yi Ƙarar Unguwa

A Lungun Dukawa, cikin tsohon garin Daura, akwai wani kango da magadansa suka watse, wasu suna Kano, wasu sun ƙetara Nijar. Tun ana zuba toka da kashin awaki a cikinsa har ya zama jujin unguwa. A da, damina kan ci abin da aka zuba, manoma su kwashi saura da rani. Da baƙar leda da ledar ruwa suka cika gari sai jujin ya daina ruɓewa, manoma kuma suka daina zuwa. Ya yi tudu, ya gangaro ya cinye rabin hanya, ya danne kwatar da ke fitar da ruwan gidajen lungun. Mutum biyu ba sa iya jerawa a wurin.

Katangar da jujin ya jingina da ita ta gidan Malam Zulkifilu baduku ce. Matarsa Hadijatu, wadda kowa ke kira Maiturare saboda sana'arta ta haɗa turaren wuta, ta daɗe tana mita a kan ƙudaje da wari. Malam mutum ne mai sanyi. In ta yi magana sai ya ce a yi haƙuri, maƙwabta ne, ya ci gaba da ɗinkin takalmansa a zaure.

Ya rasu a tsakiyar damina, washegarin wani ruwa mai ƙarfi, 'yan shekaru bayan ƙaddamar da shari'a a jihar. Lokacin da aka fita da makara Maiturare tana zaune cikin mata, ta ji salati ya tashi a bayan katanga, irin wanda ake yi in wani abu ya faru. Da aka dawo daga maƙabarta ta ga autanta Jafaru ya shigo sauya kaya, wandonsa baƙi ƙirin har gwiwa. Ta bari sai da aka tashi zaman makoki sannan ta kira shi ɗakinta.

"Me ya faru a bakin juji ranar jana'iza?"

"Inna, a bar maganar."

"Ba za a bar ta ba. Duk wadda na tambaya sai ta kau da kai."

Sai Jafaru ya faɗa mata. Na gaba cikin masu ɗauke da makarar ne santsi ya kwashe shi, makara ta karkace, gefenta ya tsoma cikin ruwan kwata. Shi Jafaru ya faɗa ciki ya tare gawar da ƙirjinsa. Baƙin ruwa ya fantsama a likkafani daga wajen ƙafa. Liman ya sa gefen rawaninsa ya goge abin da zai gogu, aka wuce.

Maiturare ba ta yi kuka ba. Ta ce masa ya tashi ya tafi.

Duk tsawon takabarta tana cikin gida tana jin jujin. Ɗakinta ne ke jikin katangar, saboda haka duk kwandon da aka juye sai ta ji faɗuwarsa. Har ta fara gane na kowa. Na gidan Saudatu, maƙwabciyarta mai tuwon sayarwa, nauyi gare shi saboda toka da ruwan wanke-wanke. Na gidan Alhaji Mainasara da baro ake kawo shi, tayar tana kuka tun daga kan kwana. Waɗannan mutanen duk sun zo mata gaisuwa, wasunsu ma suna riƙe da makarar ranar, amma ko kwana ɗaya ba a fasa zubawa ba.

Da ta fita takaba ta yi wanka, ta sa mayafi, ta nufi gidan mai unguwa Dabo. Ta durƙusa a zaure ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Gaskiyarki ne, Maiturare," in ji shi. "Amma motar shara ba ta iya shiga lungunku, a bakin titi take tsayawa. Kangon kuma na magada ne, ba ni da iko da shi. A yi haƙuri, za mu duba."

"Ranka ya daɗe, yaushe za a duba?"

"In Allah ya kawo lokacin."

"To, ni nawa lokacin ya zo," ta ce, ta yi sallama ta fito.

Washegari da hantsi mutanen lungun suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Maiturare ta shimfiɗa tabarma a bakin juji, ta ajiye buta da turminta na dakan gajijin turare, ta zauna tana aikinta kamar a tsakar gidanta take. Ƙudaje suna yanyame ta, tana kore su da gefen mayafi.

Saudatu ce ta fara zuwa da kwano cike da toka da ƙanzo.

"Ina kwana, Iya? Lafiya kika zauna a nan?"

"Lafiya lau. An rufe jujin nan, Saudatu. Koma da shi."

Saudatu ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga fuskar tsohuwar sai dariyar ta tsaya.

"To ina zan kai? In ajiye a ɗaka?"

"Ban sani ba. Abin da na sani shi ne ba za ki zuba a nan ba ina zaune."

"Wa ya ba ki ikon rufewa?"

"Wanda ya ba ku ikon buɗewa a jikin katangata."

Saudatu ta juya tana ƙunƙuni. Haka aka wuni. Wasu suka koma da shararsu don kunya, wasu suka tsaya suka yi musu, wata ma ta ce takaba ce ta taɓa wa tsohuwar kai. Maiturare ba ta ɗaga murya ga kowa ba, kuma ba ta matsa daga wurin ba sai in lokacin salla ya yi. Tambayar Saudatu dai ta tsaya mata a rai, don ta san ba ta da amsarta.

Aka kwana biyu a haka. Sai mutane suka gane ba ta fitowa sai rana ta ɗaga, suka riƙa riga ta. Wata safiya ta fito ta tarar an juye baro guda daidai inda take shimfiɗa tabarma. Ta tsaya ta dube shi: kwalayen taliya masu rubutun Faransanci, yagaggun buhunan shinkafa, gashin kaji da hanjinsu, da tarin ledoji. Gida ɗaya ne a lungun ke sauke irin waɗannan kaya daga Kongolam, bakin iyakar Nijar.

Ta shiga gida ta ɗauko babban kwandon da take shanya itacen turare. Ta cika shi da hannunta, ta ɗora a ka, ta bi lungun har ƙofar gidan Alhaji Mainasara, mai fenti da ƙofar ƙarfe. Ta juye. Ta koma ta sake cikowa. Tana juye na ƙarshe Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, makullin mota a hannu. Bature, ma'aikacinsa mai tura baron, yana tsaye a gefe ya rasa inda zai sa kansa.

"Hadijatu, hankalinki ɗaya kuwa?"

"Ƙalau nake, Alhaji. Kayanka ne aka manta a ƙofata, na dawo maka da su."

"A ƙofar gidana? Gaban iyalina?"

"Ni a jikin ɗakin da nake kwana ake zuba mini."

Alhaji ya dubi mutanen da suka fara taruwa. Ya ce wa Bature kada wanda ya taɓa sharar, a bar ta nan ta zama shaida. Ya ce yanzu zamanin shari'a ne, ba a yi wa mutum cin mutunci a kwana lafiya. Ya shiga mota ya ja.

Da yamma Jafaru ya dawo ransa a ɓace. Shi ne ke ɗauko wa shagunan Alhaji ƙananan kaya a babur daga Kongolam, kuma an ce masa kada ya sake zuwa.

"Inna, don Allah ki je ki ba shi haƙuri. Ki tura Baba Liman ya roƙa mana. Mutumin nan ya fi ƙarfinmu."

"Kai ne ka tare mahaifinka da ƙirjinka ko wani ne?"

"Ni ne."

"To kada ka sake ce mini in ba da haƙuri. Aiki kuwa, babur naka ne, hanyar Mai'adua ba ta Alhaji ba ce. Ka ɗauki fasinja."

Sammaci ya zo. Kafin ranar zaman, sharar da Alhaji ya hana a kwashe ta fara wari a ƙofarsa, baƙinsa suna toshe hanci, matansa suna aiko wa Bature ya roƙe shi. Ya ƙi. Labari ya kai har ƙauyensu Maiturare a yankin Mai'adua, ƙanenta Hamma manomi ya hawo mota ya zo don ya raka ta.

Kotun ta cika, don rabin lungun sun biyo su ji yadda za a ƙare. Alƙali dattijo ne mai magana a hankali. Ya sa aka karanta ƙara, sannan ya dubi Maiturare.

"Kin ji abin da mai ƙara ya ce. Kin zuba shara a ƙofar gidansa?"

"Allah ya gafarta Malam, na zuba."

"Da gangan?"

"Da gangan. Da kaina na ɗauka."

"Me ya sa?"

Ta ba da labarin kango da kwata da makara, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Alhaji ya nemi izini ya ce shi bai aiki kowa ya zuba a kan tabarmar wani ba, juji ne na kowa da kowa tun kafin ya gina gidansa, kuma ita kanta mai maganar a nan take zuba tata.

"Haka ne?" in ji alƙali.

"Haka ne. Na zuba shekara da shekaru. Yanzu na daina."

Alƙali ya ce cutar da aka yi mata ba ta ba ta damar cutar da wani da hannunta ba. Ya yanke cewa ta je ta kwashe abin da ta zuba, ta share ƙofar, ita da kanta. Ya tambaye ta ko ta yarda.

"Na yarda. Amma ni ma ina da ƙara."

"Wa kike ƙara?"

"Lungun Dukawa gaba ɗaya. Daga gidan liman har gidan Alhaji. A sa sunana a ciki."

Dariya ta ɓarke a baya, muhutin kotu ya tsawatar. Alƙali bai yi dariya ba. Ya ce kotu ba ta aika wa unguwa sammaci, amma hanya haƙƙin kowa ce, maƙwabci kuma yana da haƙƙin da ba a wasa da shi. Ya kira mai unguwa Dabo, wanda ke zaune a gefe, ya ce ya tara mutanensa su samo mafita, ya dawo masa da bayani. Daga nan ya kira shari'a ta gaba.

A hanya Alhaji yana ta karɓar barka. Wasu mata suka ce wa Maiturare ta bari sai gari ya yi duhu ta je ta share, kada a gan ta. Ta ce da rana ta zuba, da rana za ta kwashe.

Bayan azahar ta je da tsintsiya da kwando. Ta kwashe ruɓaɓɓen hanjin da ledojin, ta share ƙofar tas, ta yayyafa ruwa. Mutane suna tsaye suna kallo su ga inda za ta nufa da kwandon. In ta kai juji, ta karya dokar kanta. Ta ɗora shi a ka, ta wuce jujin ko kallonsa ba ta yi ba, ta miƙe zuwa masallacin unguwa.

An idar da la'asar ke nan, maza suna zaune a dakalin waje, har da mai unguwa da liman Malam Sagir. Ta tsaya nesa da tabarmin salla, ta sauke kwandon a ƙasa, ta durƙusa ta gaishe su. Wari ya buga, aka fara ja da baya.

"Maiturare, mene ne haka kuma?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, na cika umarnin alƙali, na kwashe. Saura naku. Ku faɗa mini inda zan kai wannan, in kai. Saudatu ta tambaye ni ban iya amsa mata ba, shi ya sa na kawo wa manya."

Wani ya ce a ƙofar masallaci bai dace ba. Ta ce ta sani, kuma da zarar an faɗa mata wuri za ta ɗauke. Wani ya ce ta kai bakin titi inda motar shara ke tsayawa.

"Zan kai," ta ce. "Ni kaɗai, ko duk lungun?"

Maza suka dubi juna. Titin da nisa, kuma kowa ya san matan da ke cikin kulle ba za su je ba, maza kuwa ba su saba ɗaukar kwandon shara ba.

Liman ya gyara zama. Ya ce shi ne ya goge likkafanin Malam Zulkifilu da rawaninsa, kuma tun ranar bai sake naɗa wannan rawanin ba. Ya ce kullum yana tsallake ruwan kwatar nan ya zo ya ja salla, yana tattare riga kada najasa ta taɓa shi, bai taɓa cewa komai ba. Ya ce ba za a tashi daga dakalin nan ba sai an ba matar nan amsa.

Hamma, wanda ya bi jam'i tare da su, ya ce yana da magana in an yarda baƙo ya sa baki. Aka ce ya faɗa.

"Mu a ƙauye taki muke nema ido rufe. Toka, kashin awaki, dusa, ɓawon gyaɗa, duk muna so. Abin da ya kore mu daga jujin gari leda ce. Ka kai gona, ta hana shuka fitowa, sa ya ci ya kumbura ya mutu. In za ku raba mana leda da kwalba da gwangwani gefe, ni zan kawo mutane da amalanke mu kwashe sauran. Ba sai kun kai ko'ina ba."

Aka shiga muhawara. Wani ya ce wa ke da lokacin tsince leda, wani ya ce ai ledar ba nauyi, buhu ɗaya zai ɗauki ta gida guda har mako. Wani ya ce amalanke ba za ta shiga lungun ba, Hamma ya ce jaki da mangala zai shiga. Kafin magariba aka tsaya a kan magana: kowane gida zai ajiye mazubi biyu, na taki da na leda. Samarin da ke da baro za su riƙa kai ledar bakin titi, gida-gida ana karɓa-karɓa. Tsohon jujin kuma a yi masa gayya ranar Asabar.

Maiturare ta ɗauki kwandonta ta kai bakin titi, Hamma yana biye da ita yana roƙon ta ba shi ya ɗauka, ta ƙi.

Asabar ta farko mutanen da suka fito ba su da yawa. Liman ya zo da shebur, Jafaru da abokansa 'yan acaɓa, da wasu tsofaffin mata. Mai unguwa ya zo ya tsaya ya sa albarka ya tafi. Da aka sara jujin da diga wani zafi da wari suka taso, har wani saurayi ya koma gefe yana amai. Matan suka zauna a layi, sun ɗaure hannu da tsumma, suna tsince leda daga abin da maza suka baje. Hamma da mutanensa suna loda baƙar ƙasar a mangala, jakuna suna kaiwa bakin lungu inda amalanke ke jira. Aka wuni ana yi, da yamma aka duba kamar ba a taɓa jujin ba.

"Wannan aikin ba zai ƙare ba, Inna," in ji Jafaru.

"Ba a rana ɗaya muka tara shi ba."

Asabar ta biyu aka ƙaru, don liman ya yi maganar bayan sallar asuba, ya kuma ambaci gidajen da suka fito, bai ambaci waɗanda ba su fito ba. Kowa ya gane. Saudatu, wadda ta daina gaishe da Maiturare tun ranar kwanon toka, ta aiko da tukunyar kunu. Mako na gaba ta fito da kanta, kuma ba a daɗe ba ta zama ita ce mai leƙa mazubin mutane tana faɗa in ta ga leda a cikin toka.

Alhaji Mainasara bai zo ba, bai aiko ba. Ya sa ana ɗaukar shararsa a bayan mota ana fita da ita, wanda Maiturare ta ce ya yi mata daidai. Bature dai ya riƙa zuwa da baron in ya tashi aiki. Ranar farko ya tsaya gabanta yana sosa ƙeya, ya ce shi aike ne ake aikensa. Ta ce ta sani, ta nuna masa inda buhunan leda suke.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. An yi rigima a kan wane gida ne ya tsallake ranar turin baronsa. Wani makon motar shara ba ta zo da wuri ba, buhuna suka taru a bakin titi, awaki suka yayyaga su, sai da aka sake tsincewa. Da bikin 'yar Alhaji ya zo, daga Katsina aka sayo turaren wuta, ba a ko aiko wa Maiturare goron gayyata ba, wasu gidajen da ke bin bayansa su ma suka janye cinikinsu. Jafaru ya koma jigilar fasinja, yana dawowa a gajiye, wani lokaci ba ya ce mata komai sai gaisuwa. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba.

Kafin zafin bazara ya kai ƙarshe aka kai ga ƙasan kangon. Kwatar ta bayyana, ashe da dutse aka yi mata gefe tun zamanin iyayensu, samari da yawa ba su taɓa ganin ta ba. Aka yashe ta daga kan kwana har ƙarshen lungu. Katangar Maiturare ta fito a ciye, gindinta ya zaizaye har hannu na shiga, maza suka kwaɓa ƙasa suka yaɓe mata. Magadan kangon da suka ji labari suka aiko aka kewaye filinsu da kara. Mai unguwa ya sa babbar riga ya je ya kai wa alƙali bayani, ya dawo yana cewa an yaba masa.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauko wata ranar Talata da hantsi. Mutane suka tsaya a zaurukansu suna kallon ruwa yana bin kwata da gudu, hanya a buɗe. Amma ba a jima ba gudun ya ragu, ruwan ya fara dawowa baya daga ƙasan lungu, yana hawa dakalin gidajen ƙarshe. Jafaru ya je ya dubo, ya dawo jiƙe sharkaf.

"Ba daga wajenmu ba ne. Ƙarƙashin gadar Unguwar Gangare ne ya toshe, leda ce cunkus. Ruwanmu ba shi da inda zai bi."

Maza suka taru a zauren liman. Mai unguwa ya ce can ba ƙasarsa ba ce, akwai mai unguwarsu, sai an rubuta masa ko a aika. In aka shiga haka kawai za a ce an raina su. Wasu suka ce gaskiya ne, a bari ruwa ya ɗauke tukuna.

Suna cikin haka Maiturare ta fito, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta rufa buhu a ka, manjagara a hannu. Saudatu na bayanta da wasu mata.

"Maiturare, ina zuwa?" in ji mai unguwa. "Ba unguwarmu ba ce."

"Ranka ya daɗe, ruwan yana shiga ɗakunan mutanenka. Ka aika musu, aikenka ya same mu a can."

Suka bi gefen kwata suka gangara. Jafaru ya ɗauki shebur daga bayan ƙofa ya bi su, Bature ma haka. Liman ya dubi sauran, ya tattare rigarsa ya fita cikin ruwan.

A bakin gadar suka tarar da mutanen Unguwar Gangare tsaye a ƙarƙashin rumfa suna kallon ruwa yana cin hanyarsu. Wani magidanci ya taso ya tambaye su wa ya kira su. Maiturare ta ce babu wanda ya kira su, ta shiga ruwan har ƙwauri, ta kafa manjagara a bakin gadar ta jawo dunƙulen leda na farko, ta tura shi gefen ƙafar mutumin.

"In akwai buhu a gidanku, ɗauko," ta ce masa.

Ya tsaya yana kallon ta, yana kallon limamin da ke tsaye cikin kwata da shebur. Sannan ya juya ya shiga gida, ya fito da buhuna biyu da fartanya.